Mai Hawa Tsani

Ni ke hawa tsani a gidan man Jega,
wanda ke bakin hanyar Yawuri, daura da masu faci.
In ban hau ba, lambar allo ba ta sauyawa,
shi ya sa yara ke ce mini sarkin mai.

Daren Talata waya ta yi ƙara.
Alhaji Namata ne, barci bai sake shi ba:
“Arzika, takarda ta iso daga sama.
Kafin kiran assalatu, sauke biyar, ɗora bakwai.”

Na hau da tocila a baki,
lambar roba a hammata, sauro na cin ƙafata.
Biyar ɗin ta shekara a nan, rana ta koɗe ta,
ƙusarta ta yi tsatsa, ta ƙi fita,
sai da na fizge ta kamar mai zare rai.

Labbo ne ya fara zuwa, jarka biyu a bayan babur,
shinkafarsa na fadama tana jiran injin ban-ruwa.
Ya dubi allo, ya dube ni, ya sake duban allo.
“Jiya da la'asar a nan na saya.
Ban ga tanka ta shigo ba, man jiya ne a rijiyarku.
Cikin dare ya yi tsiro ne, ko ya saka ƙwai?”

Na ce, Labbo, abin da na ji zan faɗa maka.
Wai akwai wani ɗaki mai sanyi da dogon tebur,
masu zama cikinsa ba su taɓa ɗaga jarka ba.
Su fara da kuɗin ganga a kasuwar duniya,
su ɗora naira da dala a sikeli, kaza da raƙumi,
su sa kuɗin jirgin da ya keto teku,
da na tashar da ya kwana, da na rumbun ajiya,
da ladan tanka daga Ikko har nan, in gada ba ta karye ba,
da ɗan rabon mai gidan mai.
In gwamnati na da ƙarfi, ta ɗauki wani kaso a kanta,
ranar da wuyanta ya gaji, ta sauke a naka.
Sai a ja layi, a sa hannu, a buga hatimi.
Abin da ya faɗo ƙasan layin, shi na rataya daidai.

Ya ce, “A lissafin nan an sa buhun taki?
An sa abin da ɗan kasuwa zai taya shinkafata da kaka?”
Na kama bakin famfo kawai.

Ige mai markaɗe ta aiko jikanta da galan.
Kuɗin dizal na kullum, ya koma da rabi da ɗan ɗigo.
Ba ta san ɗakin nan mai sanyi ba,
amma gobe ita za ta yi wa matan unguwa bayani
a kan kwanon tattasai.

Direban albasa daga Aliero ya zage ni tas,
bai san Abuja a talabijin na santa ba.
Wanda ya yanka ba ya nan,
mai riƙe da ƙafar akuya ake ja wa rai.

Sau ɗaya na ga an ce a rage.
Na ɗauko tsani da murna, Alhaji ya ce, “Dakata,
bari tsohon kaya ya ƙare tukuna.”
Tsani ya kwana tara a jingine,
har gizo-gizo ya yi masa saƙa a kai.

Albashina kuwa ba shi da tsani,
inda ya tsaya bara, nan yake tsai.

Da magariba na tura babur ɗina zuwa gida,
mai sayar da mai, tankinsa a bushe.
Biyar ɗin tana aljihuna, ban mayar akwati ba.
Labbo ya ce in adana ta, wai dare ɗaya ake kira.
Na goge ta, na sa ƙarƙashin matashi,
na ajiye waya kusa da kai.